Wasiƙa daga gindin dutsen Sukur

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ka miƙa gaisuwata ga Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya.

Ka tambaye ni garin da aiki ya kai ni. Sukur ne, a kan duwatsun Mandara, cikin ƙaramar hukumar Madagali a arewacin Adamawa, dab da iyakar Kamaru. Garin kashi biyu ne. Akwai Sukur Ƙasa a gindin dutse, iyakar mota ke nan, sai Sukur Sama wanda ba ya hawuwa sai da ƙafa. Hanyar hawan da falalen duwatsu kakanninsu suka shimfiɗe ta, kuma har yau za ka ga mace ɗauke da buhun dawa a ka, da goyo a baya, tana hawa ba ta ko tsayawa. Gonakinsu hawa-hawa ne, kowane an tokare shi da jerin duwatsu don kada ruwan sama ya kwashe ƙasar. Wannan aiki, da fadar sarkinsu, da tsohuwar sana'arsu ta narka tama, su suka sa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, na farko a duk Najeriya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rashin sanin yawan mutanen. Rabon da a yi ƙidaya a ƙasar nan tun 2006, wadda aka shirya a 2023 kuma aka ɗage. A tsakanin nan me bai faru ba? A 2014 'yan Boko Haram sun kai hari sun ƙona gidaje, jama'a suka watse, wasu sun dawo wasu sun zauna can inda suka gudu. Samari kuwa sai saukowa ƙasa suke yi neman makaranta da kasuwa. Ga yaran da aka haifa bayan ƙidayar, yau wasunsu sun isa aure. Da tsohon lissafi da kirdado ake tsara alluran rigakafi, da malamai, da magani. Garin da ke kan dutse ya fi kowa cutuwa da haka, domin ba kowane ma'aikaci ke yarda ya hau ba.

Ta fuskar mulki, Hidi shi ne uban gari. A fadarsa ta dutse shi da masu sarautarsa ke raba rigimar gona da ta aure, su tsayar da ranakun bukukuwa, kuma maganarsa tana da nauyi ƙwarai. Sai dai ba shi da kuɗin gina asibiti ko haƙa rijiya. Wannan na kansila ne da ciyaman, wanda ofishinsa ke Gulak. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma wallahi na yi murna. Amma a ganina, in ba a haɗa kai da Hidi da masu unguwanni an ƙirga mutanen saman nan gida-gida ba, rabon zai ci gaba da tsayawa a inda mota ta tsaya.

Kai da ka san aikin ƙididdiga, ka aiko mini da yadda ake tsara takardar rajistar gidaje mai sauƙi, wadda malamin firamare zai iya cikewa. Dattawan sun ce za su ba da haɗin kai.

Ka huta lafiya.

Amininka