A Montreal Faransanci ne a gaba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta abin da kuka buga kwanakin baya game da biranen Kanada, inda aka ce Montreal gari ne mai harshe biyu, wanda ya iya Turanci ba shi da sauran damuwa. Shekarata tara a garin nan, sai ku ba ni fili in gyara zancen kaɗan.

Ana jin harsunan biyu, ba musu. Ka shiga kanti a tsakiyar gari, mai kantin zai tarbe ka da "Bonjour, Hi", wato gaisuwar Faransanci da ta Turanci a haɗe, ya saurara ya ji da wanne za ka amsa. To ko wannan gaisuwar sai da ta kai gaban majalisar dokokin lardin Quebec, inda Montreal take, a 2017, 'yan majalisa suka nemi 'yan kasuwa su tsaya a kan "Bonjour" kawai. Tun 1977 akwai Doka ta 101, wadda ta sa Faransanci ya zama harshen aiki da kasuwanci da makaranta. A allon shaguna rubutun Faransanci ne ke rinjaye, a mararrabar titi ma "Arrêt", wato "tsaya" da Faransanci, za ka fi gani.

Ni a kan ɗiyata na gane haka. Na je sa ta makaranta ina tsammanin zaɓi nawa ne, ashe 'ya'yan baƙi makarantar gwamnati ta Faransanci doka ta ce su shiga, daga firamare har sakandare. Aka sa ta ajin koya wa sababbin zuwa harshe. Kafin shekara ta zagayo, yarinyar nan ita ke yi mini tafinta in wasiƙar mai gidan haya ta zo. Maƙwabcina ɗan Nijar, da muka iso kusan lokaci guda, bai daɗe ba ya sami aikin ofis. Ni kuwa digiri na cikin jaka ina dakon kwalaye a sito.

Sauran abin da kuka lissafa daidai ne: Faransawa suka kafa garin a 1642 da sunan Ville-Marie, a tsibiri cikin kogin Saint-Laurent, an yi wasannin Olympics a 1976, kuma hedkwatar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, tana nan. Jami'o'in ma sun rabu, McGill da Concordia da Turanci, Université de Montréal da UQAM da Faransanci.

Amma kun manta da garin ƙarƙashin ƙasa. Hanyoyi ne na sama da kilomita 30 da suka haɗa tashoshin jirgin ƙasa da kantuna da ofisoshi. A watan Janairu, in sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, hanci ya daskare, a nan muke fakewa. Na taɓa wuni guda ina zirga-zirga ban ga sararin sama ba.

Sai kuma ranar 1 ga Yuli. Sauran Kanada na bikin ranar ƙasa, mutanen Montreal kuwa suna ta jidar katifa da firji, domin yawancin yarjejeniyar haya a ƙarshen Yuni take ƙarewa. Bikin da suke ji da shi na 24 ga Yuni ne, ranar Quebec.

Yanzu dare biyu a mako ina zuwa ajin Faransanci da gwamnatin lardi ke bayarwa kyauta. Ɗiyata ce ke duba mini aikin gida, kuma ba ta yi mini sassauci.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku, daga Montreal