Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Nazarin Fina-finan Rayuwa

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, da sauran 'yan uwa mambobi maza da mata, kamar yadda tsarin ƙungiya ya tanada, ga bayanin abin da muka gudanar a shekarar da muke bankwana da ita. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, kuma zai gabatar da shi daban, saboda haka wannan rahoto ya tsaya ne a kan zaman kallo, da muhawarar da ta biyo bayansa, da aikin ɗaukar fim da muka gwada a karon farko.

Taken da babban taro ya ɗora mana bara shi ne zalunci, iyali da faɗi-tashin yau da kullum. Kwamitin shirye-shirye ya haɗa fina-finan gaskiya, wato dokumentari, da fina-finan ƙirƙira waɗanda aka gina a kan rayuwar talaka ba tare da kwaskwarima ba. Mun riƙa haɗuwa a Asabar ɗin ƙarshen wata bayan sallar isha'i, in ban da watan azumi da muka dakata. Da yake yawancin fina-finan ba da Hausa aka yi su ba, mun ci gaba da al'adarmu ta tsayar da tafinta a gefen farin ƙyallen majigi, yana karanta rubutun ƙasa yana mayarwa da baki. Aiki ne mai shan murya, kuma ƙungiya tana godiya ga waɗanda suka ɗauki nauyinsa ba da ko sisi ba.

Mun buɗe shekara da Ladri di biciclette, wato ɓarayin keke, wanda Vittorio De Sica ya yi a birnin Rum na Italiya a 1948, lokacin da ƙasar ke fama da rashin aikin yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Magidanci ne ya samu aikin manna fosta da sharaɗin yana da keke, alhali kekensa yana gidan jingina. Matarsa ta yaye zannuwan gadonsu, waɗanda suna cikin kayan aurenta, ta wanke ta kai jingina aka fanso keken, sai kuma aka sace shi a ranar farko ta fita aiki. Abin da mambobi suka fi tsayawa a kai shi ne inda ma'aikacin gidan jinginar ya hau kantoci da ƙullin zannuwan, kyamara ta bi shi sama, sai ga ƙulle-ƙulle irin nasu jibge har kusa da rufi. Wata daga cikin iyayenmu mata ta ce ita a nan ta gama fahimtar fim ɗin, domin kowane ƙulli gida ne da aka kwana ana shawarar abin da za a fitar, kuma duk matar da ta taɓa ɗaukar kwallarta ko atamfarta ta ba dillaliya a ɓoye ta san wannan shawara. Wanda ya fito a matsayin uban, Lamberto Maggiorani, ma'aikacin masana'anta ne, ba ɗan wasa ba, kuma hakan ya nuna a tafiyarsa da yadda yake sunkuyar da kai a gaban 'yan sanda.

Daga nan muka koma Senegal da Mandabi na Ousmane Sembène, wanda ya fito a 1968 da harshen Wolof. Dattijo Ibrahima Dieng, mai mata biyu da 'ya'ya bakwai, ya samu takardar kuɗi ta sefa 25,000 daga ɗan 'yar uwarsa mai sharar titi a Faris, kuma mafi yawan kuɗin ma ajiya ce ba nasa ba. Gidan waya ya nemi katin shaida, katin shaida ya nemi takardar haihuwa da hoto, kowace ƙofa ta tura shi wata, alhali tuni labari ya zaga unguwa, an ci bashin shinkafa a kan kuɗin da bai zo hannu ba, masu neman rance kuma sun yi layi. A wannan zama sai da shugaba ya tsawatar kafin a yi shiru, saboda kusan kowa yana da labarin tsohonsa da ya sha rana a layin tantance 'yan fansho ko na gyaran suna a banki. A ganina wannan fim ya fi kowanne koya mana yadda ake nuna zalunci ba tare da an ɗora wa mutum ɗaya rawanin mugunta ba: kowane ma'aikaci yana cewa doka yake bi, amma dokar an rubuta ta da harshen da dattijon bai iya karantawa.

Zama mafi nauyi shi ne na fim ɗin Mahamat-Saleh Haroun na 2016 a kan waɗanda suka tsira daga kurkukun 'yan sandan ciki na Hissène Habré, wanda ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990, kuma kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai a watan Mayun 2016. Clément Abaïfouta, wanda aka tilasta wa binne 'yan uwansa fursunoni a lokacin da yake tsare, shi ke zagayawa gida-gida yana zama da mutanen. Babu kiɗan tayar da hankali, sai dai mutum ya ɗaga riga ya nuna tabo, ko ya fara magana ya kasa ƙarasawa, kyamara kuma ta jira shi. Kuskurenmu ne da ba mu sanar tun da wuri cewa kada a zo da yara ba, kuma kwamiti ya amince daga yanzu a riƙa rubuta wannan gargaɗi a sanarwa.

Zaman da ya fi cika shi ne na fina-finai biyu na Aïcha Macky, 'yar Damagaram. A fim ɗinta mai suna Zinder, na 2021, ta shiga unguwar Kara-Kara, wadda asalinta matsugunin kutare ne da waɗanda gari ya ture gefe, ta zauna da samarin daba masu ɗaga ƙarfe da masu fasa-ƙwaurin fetur. Ranar tafinta ya huta, domin Hausa suke yi, kuma jin mutum yana faɗin laifin da ya aikata da harshen da muke mafarki da shi ya sa ɗakin ya yi tsit. Ɗayan kuwa, L'arbre sans fruit na 2016, wato bishiyar da ba ta 'ya'ya, a kan rashin haihuwa ne, inda ita kanta mai fim ɗin ta sa nata auren a gaban kyamara tana yi wa mahaifiyarta, wadda ta rasu a wajen haihuwa, magana. Muhawara ta yi zafi. Wasu maza sun ga cewa an fito da sirrin ɗaki waje. Mata suka amsa cewa gorin da ake yi wa wadda ba ta haihu ba a bainar jama'a ake yinsa, a gidan suna da gidan biki, kuma ba safai ake cewa miji ya je asibiti a duba shi ba. Ba a tashi da matsaya ɗaya ba, amma an saurari juna har ƙarshe.

Wannan batu na rufin asiri shi ya biyo mu cikin aikinmu na kanmu. Matasan ƙungiya sun ɗauki gajeren fim da wayar hannu a kan wani mai ga-ruwa, wanda ya yarda a bi shi daga asuba a bakin rijiyar burtsatse har ya mayar da kurar ga mai ita da magariba, bisa sharaɗin ba za a shiga cikin gidansa ba. An samu hoton da duk wanda ya gani ya ce shi ne zuciyar fim ɗin: yana tsugune a bakin zaure, ya shimfiɗa kuɗin yini a kan gwiwa yana miƙar da tsofaffin takardu da babban yatsa, ya ware balas ɗin mai kura, ya ware na ruwa, sannan ya daɗe yana kallon abin da ya rage don cefane. Da muka kai masa ya gani kafin a nuna wa kowa, sai ya roƙi a cire wannan wuri, ya ce surukansa suna garin nan, kuma bai taɓa bari su san yadda yake kwana ba. Masu ɗauka sun ji zafi, suka kawo hujjar cewa in an cire babu abin da ya rage sai mutum yana tura kura. Kwamiti ya zauna sau biyu, a ƙarshe ya yanke a cire, kuma ina cikin waɗanda suka goyi bayan haka, domin mu za mu nuna fim mu koma gidajenmu, shi kuwa gobe da shi za a gaisa a masallacin unguwa. An maye gurbin da hoton hannuwansa a kan ƙarfen kurar yana hawan gangare, kuma da wannan ya amince. Daga wannan ne muka rubuta takardar neman izini da Hausa, da boko da ajami, wadda za a karanta wa duk wanda za mu ɗauka, da alƙawarin zai ga aikin kafin kowa.

Matsalolinmu ba su canza ba. Ɗauke wuta ya katse mana zama fiye da sau ɗaya, kuɗin man janareto yana cinye kaso mai yawa na gudummawar wata-wata, fitilar majigi kuma ta dushe. Mun so nuna Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, wanda aka gina a kan littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma ba mu samu kwafi mai kyau da izinin nunawa ba, kuma za mu ci gaba da nema.

Abubuwa uku kwamiti ke gabatar wa wannan taro domin yanke shawara: buƙatar mambobi mata ta a mayar da wasu zaman bayan la'asar saboda dare yana hana da yawansu zuwa, amincewa da takardar izinin a matsayin ƙa'idar ƙungiya, da ware kuɗin sayen sabuwar fitilar majigi kafin zaman farko na sabuwar shekara.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa.