Rahoton Ayyukan Shekara: Dashen Mangurof a Gurɓataccen Taɓo

'Yan uwa mambobi, ga bayanin kwamitin gudanarwa kan aikin bana.

Akasarin ƙarfinmu ya tafi ne wajen renon tsirran mangurof, wato bishiyoyin da ke tsirowa a taɓon ruwan gishiri, da dasa su a filin da muka karɓa a bakin teku, wanda malalar mai ta gurɓata. Jinsi biyu muka dasa: Rhizophora mai saiwoyi kamar ƙafafun gizo-gizo, da Avicennia mai ƙananan saiwoyin numfashi da ke leƙowa daga laka. A ɓangaren da mai bai yi kauri ba, dashen ya kama. Inda mai ya daskare kuwa, ya toshe ƙofofin numfashin saiwa, ganye ya yi rawaya ya zube.

Waɗanda suka fita aikin tono sun ga wani jan ɓawo kamar tsatsa a jikin saiwoyin. Saiwar ce ke fitar da iskar oksijin cikin taɓo, ƙarfen da ke wurin ya yi tsatsa ya manne mata, ɓawon kuma ya riƙe dalma da tagulla da tutiya. Wannan iskar ce kuma ke raya ƙwayoyin bakteriya masu cin ragowar mai sannu a hankali. Can ƙasa, cikin baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, sinadarin farar wuta ne ke ɗaure ƙarafan.

A nan muka tafka kuskure, kuma kwamiti ya ɗauki laifin. Mun haƙa magudana don ruwa ya riƙa shiga, muka jibge lakar a gefe. Da ta sha iska ta bushe, ruwan da ke tsatsowa daga gare ta ya koma ja, ya yi tsami, tsirran kusa suka mutu. Ashe mai kan ruɓe, amma dalma ba ta zuwa ko'ina. Bishiyar ajiye ta kawai take yi, mu kuma muka buɗe ma'ajiyar da hannunmu.

Mun yi taron wayar da kai ranar 26 ga Yuli, ranar kare dazukan mangurof da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2015. Mahalarta ba su kai yadda muka so ba.

Baɗi ba za a sake tono a filin ba sai an kai samfurin laka ɗakin gwaji. Masu son shiga ayarin ɗibar samfurin su ba sakatare sunayensu kafin taro na gaba.