Wasiƙa zuwa Gembu kan makullin aksil ɗin gaba

Gwammaja, Kano

Aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya tare da iyali da su Hajiya. Yaya sanyin dutse, yaya ruwa? Mu nan sai godiya, damina ta zauna, gero ya kai ƙugu a gonakin bakin hanyar Dawanau.

Saƙonka ya same ni, kuma wallahi raina bai yi daɗi ba da na ji motarka ta kwana biyu a kafe a hanyar Mayo Ndaga da masarar mutane a bayanta. Ka ce tun da ka dawo mashawarta suka yi maka yawa, wani ya ce a yi wa aksil ɗin gaba walda a huta, wani ya ce akwai ɗan makulli mai araha, wato abin da ke haɗe tayoyin biyu su juya tare, da yake kama kansa da kansa. Da yake waya ba ta riƙe mana magana ko ta minti biyu, na ga gara in zauna in rubuta maka a tsanake. Abin da zan faɗa a taƙaice shi ne, kada ka yarda a sa wa gaban motarka makulli sai wanda kai da hannunka za ka kunna, kai za ka kashe. Sauran duk bayani ne.

Ka san ƙoƙon nan na tsakiyar aksil, difaranshal. Aikinsa ya bar tayar waje ta fi ta ciki gudu in ana shan kwana, tunda ita ce mai doguwar tafiya. A kan kwalta rahama ne. Matsalarsa ita ce ƙarfin da yake ba tayoyin biyu daidai wa daida ne, kuma da taya mafi rauni yake awo. In ɗaya ta faɗa caɓi ko ta ɗaga sama, ita za ta yi ta wulwulawa tana watsa laka, 'yar'uwarta da ke kan ƙasa mai tauri ta tsaya cik. Shi ya sa motar da muke kira mai jan taya huɗu, ranar wuya sai ka leƙa ka ga biyu ne kawai suke juyawa, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Na tabbata abin da ka gani ke nan a Mayo Ndaga. Makulli, wanda kanikawa ke ce wa loka, haɗe tayoyin biyu yake yi su juya tare dole, ko ɗaya tana lilo a iska.

Kafin ka kashe ko sisi, duba gefen sitiyarinka. Wasu Land Cruiser 79 irin taka daga kamfani suke fitowa da makullansu, za ka ga wani ɗan abin murɗawa an rubuta RR da FR a jikinsa, wato baya da gaba. In babu, to wataƙila abin da ke aksil ɗinka na baya shi ne irin difaranshal ɗin nan mai faifai da yake ɗan rage sulɓi, kuma a motar da ta yi shekarun taka faifan sun riga sun cinye. Ka kuma lura da yadda Toyota suka tsara abin murɗawar nan: sai ka bi ta kan baya kafin ka isa gaba. Dalili gare su. Difaranshal ɗin bayanka inci 9.5 ne, na gaba inci 8. A hawa nauyin kaya baya yake komawa, kuma tayoyin baya ba sa lanƙwasa. Don haka in kuɗin guda ɗaya ke gare ka, sa shi a baya, mu ajiye zancen gaba sai baɗi. In kuwa ka ce za ka iya biyun, to ga yadda nake ganin na gaban.

Walda dai ka cire ta daga ranka. Na san hujjar masu cewa a yi, wai motarka tana da hob, abin nan na cibiyar tayoyin gaba da ake murɗawa da hannu, in ka sake su gaban ya huta. Gaskiya ne a kan kwalta. Amma ku a can kusan rabin shekara ko fiye kuna cikin ruwa, yini ake yi da hob a kulle. Kowace kwana ka sha, tayoyin gaba za su so su yi gudu daban-daban, walda ta hana, sai sitiyari ya yi tauri, motar ta riƙa neman miƙewa gaba kana juya ta tana ƙi. A fili wannan wahala ce kawai. A gefen dutse, inda hagu bango ne dama rami, magana ce ta rai.

Akwai wani abu kuma da ba kowa ke faɗa ba. In hanya ta karkace gefe guda kuma ga santsin jar laka, tayar nan da ba ta juyawa a difaranshal na yau da kullum ita ce take riƙe motar kamar turke. Da zarar ka haɗe su suka sulɓe tare, babu mai riƙewa, sai hancin motar ya zame ya nufi gangara. Wannan shi ne babban abin da ya sa nake tsoron duk makullin da ba shi da makashi a ƙasa irin taku.

Masu kama kansu ɗin nan, irin su Detroit Locker da ƙananan da ake zurawa cikin ƙoƙon asali kamar Lock-Right da Lokka, ba kayan banza ba ne. Ba su da waya, ba su da tiyo, babu abin da zai yoyo, ga sauƙin kuɗi. Suna kulle ne muddin kana taka totur, su saki tayar waje in ka sassauta a kwana, har ka riƙa jin ƙas-ƙas. A aksil ɗin baya na ga waɗanda suka ji daɗinsu. A gaba kuwa, su ne suke yanke shawarar lokacin kullewa, kuma a kwanar hawa, inda ba ka da halin ɗaga ƙafa, a kulle za su zauna. Ni motata Land Cruiser 80 ce mai jan taya huɗu kullum, ita ko kusa ba a sa mata irin wannan a gaba. Taka za ta ɗauka saboda hob, amma da ka yi fama da dogon hawa mai lanƙwasa sau ɗaya da shi za ka tuna araha ba ta ado.

Akwai na tsaka-tsaki da ya cancanci a ambata, Truetrac na kamfanin Eaton. Giyoyi ne masu murɗaɗɗun haƙora, babu faifan da zai cinye, kuma ba ya taurara sitiyari sosai. Yana tura ƙarfi wajen tayar da ta fi kamu. Iyakarsa ita ce in taya ta bar ƙasa gaba ɗaya sai ka ɗan taɓa birki kafin ya taimaka. Da a ce yaron mota ne zai riƙa tuƙa maka ita kullum, da shi zan ce ka sa, don babu maɓallin da zai manta bai kashe ba.

Amma tunda kai ke tuƙi, zaɓinka tsakanin biyu ne, na iska da na lantarki. Na iska, wanda ya fi suna shi ne na kamfanin ARB na Ostareliya, yana tafe da ɗan kwamfuresa da siririn tiyo da ke shiga cikin ƙoƙon. Ka danna maɓalli, iska ta tura, ya kama, kuma zai zauna a kame ko gaba ka yi ko baya. Na lantarki, irin ELocker na Eaton da wanda Harrop ke yi, maganaɗisu ne da waya biyu, kowane rewaya zai iya bin layinsa in ya samu matsala, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ke nesa da gari. Sai dai a irin ƙirarsa da aka fi sani, sai taya ta ɗan juya kafin ya kama, kuma in ka sauya daga gaba zuwa ribas yakan saki na ɗan lokaci ya sake kamawa. Mai jijjiga mota gaba da baya a cikin taɓo zai ji wannan.

Ni na iska zan ce ka saya, kuma kwamfuresan yana cikin dalilina, in dai ka ɗauki mai ɗan girma wanda zai iya hura taya. Rabin kafewar da nake gani a hanyar gonata ta Riruwai daga taya mai tauri kamar dutse take. Mutane na tsoron rage iska don babu mai faci a daji. In kana da abin hurawa a cikin bonet, sai ka rage ba fargaba, ka wuce wurin, ka mayar. Sharaɗin kawai a ja tiyon nesa da salansa da duk abin da ke motsi, kuma ka riƙa yawo da guntun tiyo da mahaɗansa a cikin akwatin sifana.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya same ni, don ka san makulli ba ya ƙara wa ƙarfe ƙarfi. Shekara biyu da suka wuce, cikin watan Agusta, ina fitowa daga wani rafi kusa da gona, tayar gaba ta dama ta shige tsakanin duwatsu biyu. Gaba a kulle, sitiyari na murɗe shi har ƙarshe, na taka. Ƙara ɗaya na ji, kamar an karya busasshen icce. Gwiwar shaf ce, wadda ake kira Birfield, ta fashe. Da difaranshal a buɗe yake da ɗayar tayar ta sulɓe ƙarfin ya fita ta can, amma da na haɗe su sai duk ƙarfin injin ya taru a gwiwa guda, a daidai lanƙwasar da ta fi rauni. Kwana biyu na yi kafin a sayo wata a Ƙofar Ruwa, a ba motar haya zuwa Doguwa, ɗan acaɓa ya ƙaraso da ita. Ni ina cikin jihar Kano ke nan. Kai ka lissafa daga nan zuwa Jalingo, zuwa Bali da Serti, a hau dutse ta Mayo Selbe a wuce Nguroje.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka. Ina kunna na gaba ne kafin in shiga wurin wuya, mota a tsaye ko tana rarrafe, ba lokacin da taya ke wulwulawa ba. Sitiyari a miƙe, ƙaramar giya, ƙafa a hankali. Littafin Toyota ma cewa ya yi kada a wuce kilomita 8 a awa da makulli a kame. Ina fita na kashe, sau da yawa ko minti ɗaya ba ya kaiwa. Kuma kada ka ja wata mota da ribas, don haƙoran difaranshal ɗin gaba na motocinmu sun fi rauni ta wannan fuskar. Na san halinka, ba ka iya wuce wanda ya kafe. Juya motar ka ja shi ta baya.

Batun ɗauri kuma, ina roƙonka kada ka ba wanda zai gwada a kanka. Dole a huda ƙoƙon don tiyo ya wuce, a sa sabbin boris, a saita tazarar haƙoran da agogon awo, a shafa musu fenti a juya a ga inda suke cizo. Wanda ya ce da kunne yake saitawa, yi masa godiya ka tafi. In aka kuskure, kuka zai fara, wata uku haƙora su zube. A kuma ɗaga tiyon numfashin aksil ɗin sama, tunda kuna shiga ruwa, kuma ka riƙa duba man, in ya koma kalar koko to ruwa ya shiga, a zubar a sa sabo.

Abin da ya fi sauƙi shi ne ka sa a kwance maka ƙoƙon kawai, ka naɗe shi a buhu ka ba direban da ka yarda da shi. Akwai wani dattijon bakanike a nan da ya yi mini nawa, zan tsaya a kansa har ya gama. Ka turo mini lambar shasi tun yanzu, don a cikin 79 ɗin ma akwai bambanci tsakanin shekara da shekara, kuma kaya ne da in an yi odarsa daga waje ba ya komuwa. Farashin dala yake bi, sai ranar biya za mu san gaskiyarsa. Na gwanjo kuwa ba zan karɓa maka ba sai an buɗe shi a gabana an hura masa iska na ga bai yoyo.

Maman Sadiya tana gaida uwargida, ta ce ganyen shayin da kuka aiko ya ƙare tun kafin azumi, in ƙoƙon zai taho a haɗo mata da shi. Ka shafa mini kan yara, ka miƙa gaisuwata ga Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Ina jiran lambar shasin.

Wassalam,
naka,
Sabi'u