Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ɗalibin da ya tambayi yadda tantanin jijiya ke samuwa a jikin tsutsa

Assalamu alaikum, ɗalibina.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, a ƙarshen laccar da na gabatar ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni cewa, tun da kowane tantanin halitta a jikin tsutsa yana ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya, wace ƙwayar gado ce ke umartar wani ya zama tantanin jijiya, alhali maƙwabcinsa ya zama fata. Lokaci ya ƙure, amsar da na ba ka a gaggauce kuma ba ta gamsar da ni ba. A fili ka yi tambayar, don haka a fili zan amsa.

Babu ƙwayar gado guda ɗaya mai ba da wannan umarni. Tantani yakan zama na jijiya ne ta hanyar hukunce-hukunce da ake yankewa bi da bi, tun daga rabuwar ƙwai ta farko, kowane hukunci yana taƙaita zaɓin da ya rage wa na bayansa. Jijiyar da nake nufi ita ce mai kai saƙo, ba ta jini ba.

Tsutsar ita ce Caenorhabditis elegans, wadda tsawonta bai wuce milimita 1 ba, jikinta kuma garau yake, ana hango kowane tantani a ƙarƙashin madubin ƙara girma tana raye. Masanin halittu Sydney Brenner ne ya zaɓe ta don bincike a Kambirij ta Ingila cikin shekarun 1960. Jinsinta na mata-maza yana da tantani 959 idan ya girma, ban da na haihuwa, 302 daga ciki na jijiya ne, masu rabuwa gida 118. John Sulston da abokan aikinsa sun zauna suna kallon kowace rabuwa da ido suna zanawa, har suka fitar da cikakkiyar salsalar ɗan tayin a 1983. Wannan haƙuri nasu shi ya sa tambayarka ta amsu, domin idan an san uban kowane tantani da kakansa, to da zarar an lalata ƙwayar gado ɗaya za a iya nuna daidai rabuwar da al'amari ya karkace.

Hukuncin farko na asali ne da maƙwabtaka. Mafi yawan tantanin jijiya suna fitowa ne daga zuriyar tantani na gaba cikin biyun farko, wanda ake kira AB. A yawancin rabe-raben da ke biyo baya, 'ya'yan biyu ba su fitowa daidai: na gaba yakan sami furotin POP-1 mai yawa a cibiyarsa, wato ma'ajiyar ƙwayoyin gadonsa, na baya kuma kaɗan, a sakamakon wani saƙon sinadari tsakanin tantani da ake kira Wnt. Bambanci ne ƙarami, amma idan ya maimaitu sau da yawa sai kowane tantani ya ƙare da tarihin da babu mai irinsa, tarihin nan kuma shi ke zaɓar ƙwayoyin gadon da za su farka a cikinsa.

Daga nan ne ake isa ga abin da ya fi kusa da umarnin da kake nema. Akwai dangin ƙwayoyin gado, irin su lin-32 da hlh-14 da ngn-1, waɗanda aikinsu shi ne karkatar da tantani zuwa tafarkin jijiya. A gefen jikin tsutsa akwai jerin tantanin fata, ɗaya daga cikinsu mai suna V5 yakan haifi wasu tantanin jijiya bayan ƙyanƙyashewa. Idan lin-32 ta lalace, ba a samun waɗannan jijiyoyi, zuriyar ta tsaya a fata. Idan kuwa lin-22 ce ta lalace, wadda aikinta danne lin-32 ne a tantanin da ke gaba, sai V1 zuwa V4 su ma su kama haifar jijiyoyi a inda ba a buƙata. Ka ga ke nan hani yana da nauyi daidai da umarni, kuma maƙwabcin da ka ce ya zama fata, sau da yawa hana shi aka yi. 'Yar'uwar lin-32 a jikin dabbobi masu shayarwa, Atoh1, ita ake buƙata wajen samar da tantanin ji na cikin kunne.

Sai dai zama tantanin jijiya rabin tafiya ne, saura sanin wane iri cikin 118. Martin Chalfie ya riƙa shafar tsutsotsi da siririn gashi yana ware waɗanda ba su motsa ba, ta haka aka gano ƙwayoyin gadon da ke gina tantani 6 masu jin taɓawa mai laushi. A cikinsu unc-86 ce ke tayar da mec-3, sannan furotin ɗinsu biyu su haɗu su kunna kayan aikin jin taɓawa, su kuma ci gaba da raya ita mec-3 ɗin. Oliver Hobert na Jami'ar Kolambiya ya nuna cewa wannan tsari ya game jikin tsutsar: che-1 ce ke riƙe da jijiyoyin ɗanɗano biyu da ake kira ASE, unc-3 kuma da yawancin masu motsa tsoka ta sinadarin asetilkolin. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan shi ne, idan aka cire irin wannan ƙwayar gado bayan tsutsa ta girma, tantanin yakan fara rasa siffofinsa. Ashe umarnin ana nanata shi ne muddin rai.

Labarin ASE ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana haɗa farkon tafiya da ƙarshenta. Na hagu da na dama kamanninsu ɗaya a ido, amma na hagu ya fi amsa sodiyam, na dama kuma kuloraid. Tushen bambancin yana can baya, lokacin da ɗan tayi yake da tantani 4 kacal. A wannan mataki kakan na dama yakan taɓa wani maƙwabci ya karɓi wani saƙo da ake kira Notch, kakan na hagu kuwa ba ya taɓa shi. Saboda haka a zuriyar hagu kaɗai ake sassauta wurin da wata ƙaramar ƙwayar gado mai suna lsy-6 take, ta zauna a shirye har rabe-rabe da yawa su wuce, sai che-1 ta zo ta kunna ta sosai. A zuriyar dama wurin yana nan a rufe, che-1 ta iso amma ba ta iya buɗe shi. Taɓawa guda a sa'ar farko ta rayuwa ita ke yanke abin da tantani zai ɗanɗana bayan an ƙyanƙyashe, kuma duk lokacin da na koyar da wannan sai na ji girman al'amarin sabo.

Akwai kuma hukuncin mutuwa. Cikin tantani 1,090 da ake haifa, 131 suna mutuwa bisa tsari, mafi yawansu daga zuriyar jijiya. Robert Horvitz da ɗalibansa sun gano cewa ced-3 da ced-4 ne ke zartar da kisan, ced-9 kuma tana karewa. Aikin salsala da na mutuwar tantani shi ya kai Brenner da Sulston da Horvitz ga kyautar Nobel a 2002. Jijiyoyin HSN biyu masu sarrafa zubar da ƙwai misali ne bayyananne: ana haifarsu a jinsin biyu, su rayu a mata-maza, a namiji kuma egl-1 ta farka a cikinsu su mutu tun yana ɗan tayi.

Idan ka shiga ɗakin gwaji, ina ba ka shawara ka fara da tsutsa mai lalatacciyar lin-22, ka ƙirga jijiyoyin gefen jikinta da idonka, ka kwatanta da na lafiyayya.

Wassalam,
Malaminka.