Zuwa ga Malam Habu, kan maganar ɗanka Abba

Unguwar Rogo, Jos.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya zafin Fatakwal? Mu nan hunturu ya sauka da ƙarfinsa, ruwan alwalar asuba ma sai an ɗora a wuta.

Habu, abin da ya sa na zauna rubutu maimakon in kira ka shi ne, maganar ba ta faɗuwa a waya, kunnuwa sun yi yawa a gidan. Ka san abin da ya faru bayan babbar sallah, da 'yan sanda suka kwashi yara a Taminus kan wayar da aka zare wa wata mata, har da ɗanka Abba a ciki. Ba a samu komai a jikinsa ba, amma yana tare da su, ban kuma taɓa musun hakan ba. Da yake shekarunsa 13, aka sako mana shi da sharaɗin wata jami'ar jin daɗin jama'a za ta riƙa bibiyarsa tana rubuta rahoto. Wallahi murna na yi. Na ce ga wadda ta yi karatun abin, wataƙila ta gano inda muka gaza.

Zuwanta na farko lafiya lau. Ta shiga ɗaki da uwarsa suka daɗe, ita kuwa ganin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ta buɗe mata ciki gaba ɗaya, har ta faɗa mata cewa tun ranar da ya kwana a hannun 'yan sanda fitsarin kwance ya dawo masa.

Zuwa na biyu ne ya ɓata komai. Ranar Asabar da hantsi, ba sanarwa, ina Farin Gada wajen kayan gwari. Ta ƙi shiga ko da zaure, wai tana sauri. A kan bencin mai shayi na ƙofar gida ta zauna, ta sa aka kira shi, ta buɗe fayil tana masa tambayoyi da ƙarfi, rabi Turanci rabi Hausa, ga samari zaune, ga yara sun kewaye. Ta tambaye shi ko ya daina ɗauke-ɗauke. Sannan ta tambaye shi ko har yanzu yana jiƙa katifa. A bainar jama'a, Habu! Da za ta tafi kuma ta karɓi kuɗin mota a hannun uwarsa, amma wannan ban ma sa shi a lissafi ba.

Kafin la'asar yaran layi sun raɗa masa suna. Yau sati 3 ke nan bai taka Islamiyya ba. Yaron da sai an kamo shi daga filin ƙwallo da magariba, yanzu yana ɗaki, fuska a bango. In na yi masa magana sai dai ya gyaɗa kai. Uwarsa ma ya daina kallon idonta, don ya san daga bakinta maganar ta fita, ita kuma kuka take ta yi a ɓoye.

Akwai wani lauya da muke sallah tare, na kai masa kukana. Ya nuna mini cewa dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda Jihar Filato ta amince da irinta a 2005, ta ce duk abin da za a yi game da yaro, maslaharsa ce a gaba, kuma yana da haƙƙin a rufa masa asiri. Ya ce in rubuta ƙorafi zuwa ga shugaban sashensu, in sa rana da wuri da sunayen waɗanda suka gani, in tabbata an buga hatimin karɓa a kwafina, in kuma roƙi a canza mana wani jami'in.

Na rubuta, tana aljihuna kwana biyar. Uwarsa ta ce a bar kaza cikin gashinta, tunda alƙalamin rahoton yana hannun matar, kuma ta taɓa ambata mana gidan horon yara. Tsoron nan ni ma ina da shi. Ba so nake a raba ta da aikinta ba, na san su kaɗan ne kuma yaran da ke wuyansu suna da yawa. Amma gobe wani gidan za ta je, ta sake zama a wani bencin. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan miƙa takardar.

Roƙona a wurinka ɗaya ne. Abba yana jin maganarka tun yana ƙarami. Ka kira wayar uwarsa ranar Juma'a da dare ka ce a ba shi. Kada ka taɓo wannan zancen ko kaɗan, ku yi hirar ƙwallo kawai, ko ka ce masa ya zo hutu wurinka. Ina so in ji muryarsa ta ɗaga ko sau ɗaya.

Ka gaida Maman Walida da yara.

Naka,
Sabi'u