Wasiƙa zuwa ga Baba daga Val Thorens

Val Thorens, Faransa
12 ga Janairu, 2025

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da Inna da dukkan mutanen gida, na samu saƙon da ka aiko ta bakin Yaya cewa Auta ya matsa a sayar da gonar bayan gari domin ya biyo ni. Shi ya sa na zauna na rubuta maka yadda aikin nan yake, domin magana ta waya ba ta isa a yanke shawara irin wannan.

Garin da nake yana kan tsaunukan Alf, a jihar Savoie, a tsayin mita 2,300, kuma babu wurin wasan zamiya kan dusar ƙanƙara da ya kai shi tsayi a duk Turai. Ko itace ɗaya ba ya tsirowa a nan. Kamfanin da ya ɗauke ni yana da otal-otal da shagunan hayar kayan wasa, ni kuma ina shago ne, ina gwada wa baƙi takalma, ina gyara musu sandunan zamiya daidai nauyinsu da tsawonsu. Na roƙi wannan wurin ne da kaina don kada a sa ni a ɗakin cin abinci, inda ba makawa sai mutum ya ɗauki giya da naman alade.

Alherin aikin ba ƙarami ba ne, kuma ba zan yi butulci ba. Albashina ya ɗan ɗara mafi ƙarancin albashin ƙasar, wanda yake kusan Yuro 1,400 a wata bayan an cire kuɗin inshorar lafiya da na fansho, kuma da yake Yuro ɗaya Sefa 655 ne da 'yan kai, ka ga ya haura jaka 900. Kamfani ne ya ba mu makwanci da abincin rana, yana cire wani abu kaɗan daga albashi, saboda haka abin da nake tarawa a wata ɗaya a nan ya fi abin da na riƙa tarawa a wata uku lokacin da nake biyan haya a birnin Grenoble. Ana biyan mu a kan lokaci, da takardar albashi a hannu.

To amma Baba, aikin na lokacin sanyi ne kawai, kamar noman damina. Ana buɗe wurin a ƙarshen Nuwamba, a rufe a farkon Mayu, kuma ranar da kwantiragina ya ƙare ita ce ranar da zan mayar da makullin ɗaki. Kuɗin wata biyar shi ne zai ciyar da ni da ku har tsawon wata goma sha biyu idan ban samu wani aikin ba a bazara, kuma wannan shi ne lissafin da Auta bai yi ba da ya ga hotunana cikin manyan rigunan sanyi. Mu ma muna da sa'a, domin wuraren da suke ƙasa da mu sukan rasa ƙanƙara a wasu shekarun, sai a rage wa ma'aikata kwanaki.

Mu uku ne a ɗaki wanda bai kai zauren gidanmu ba. Ranar Asabar, da baƙin mako suke tafiya sababbi suke zuwa, nakan wuni a durƙushe gaban ƙafafun mutane har bayana ya riƙe. Makon farko kuwa ko matakala na hau sai numfashina ya sarƙe saboda ƙarancin iska, leɓɓana suka tsage fiye da yadda hunturun Damagaram yake tsaga su. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Juma'a, domin sai an sauka kwari, tafiyar kusan awa ɗaya a mota zuwa masallaci a garin Moûtiers, kuma tun da na zo sau biyu kacal na samu jam'i. Ga azumi yana tafe a watan Maris, wuri na cike da baƙi.

Game da Auta, takardar ma'aikacin lokaci-lokaci tana ba mutum izinin aiki na wata shida kawai a shekara, sai ya koma ƙasarsa, kuma dole sai wani kamfani ya nemi izini da sunansa tun kafin ya taso. Ga shi ofishin jakadancin Faransa a Yamai yana rufe tun farkon 2024. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗin gona zai samo masa biza, ina roƙonka kada ka saurare shi. Auta ya ƙarasa karatunsa, ni zan ɗauki nauyinsa na bana.

Zan aiko da kuɗin hatsi da na maganin Inna a ƙarshen wata ta hannun Yaya. A gaishe mini da Kawu da Liman, a kuma sa ni a addu'a.

Ɗanka mai biyayya.